Sifirin da Na Ba Na-Ƙurya

Da muka komo daga gwajin koyarwa, mai kula da shafukan Hausa na wannan mujalla ya tare ni a ƙofar ɗakin karatu, ya ce in rubuta wa 'yan'uwa abin da na gani a can. Na ce masa abin da na gani ba na alfahari ba ne. Ya ce ai irinsa ya ke so, gama labarin wanda ya yi tuntuɓe ya fi amfani ga na baya bisa labarin wanda ya wuce sumul. To, ga shi nan. Ƙannena da za ku fita baɗi, tun ba masu koyon zane da sana'ar hannu ba, da ku na ke.

An tura ni wata ƙaramar sakandare a cikin garin nan na Potiskum, aka ba ni 'yan aji na biyu, in koya musu darasin al'adu da fasaha, wanda yara ke kira Si-Si-E. Kun dai san asalinsa. Dā zane daban ne, kiɗa da waƙa daban, wasan kwaikwayo kuma daban. Da aka fito da manhajar ilmin tushe ta shekara 9, wadda aka soma aiki da ita cikin 2008, sai aka zuba su duka cikin buhu ɗaya, aka aza wa malami guda. Watau ana so mutum ɗaya ya zama mai zane, ya zama makaɗi, ya zama ɗan wasa, ya kuma san al'adun jama'a. In yaro ya kai aji na uku sai ya rubuta jarrabawa a kai.

Abin da na tarar shi ne, darasin nan sau biyu a ke yinsa a mako, kullum kuwa bayan rana ta take, sa'ad da yunwa ta kama yara, kwanon ɗaki ya yi zafi kamar tanda. Malamin da ke riƙe da shi mutumin kirki ne, amma ba fanninsa ba ne, an ba shi ne don an ga yana da sarari. Ba fenti, ba buroshi, ba takardar zane. Saboda haka sai ya cika allo da rubutu, yara su kwafa. Yara 78 ke cikin ajin, kowannensu ya haddace cewa in an gauraya rawaya da shuɗi a kan sami kore. Na tambaya wa ya taɓa gaurayawa da hannunsa ya gani. Ko ɗaya babu.

Sai na ce a raina, ai ga wanda zai gyara ya zo. Dole in gaya muku inda wannan girman kai ya samo asali. Ni mutumin wani ƙauye ne a wajen Gadaka, cikin ƙasar Ngamo, a makarantar mishan kuma na yi karatun farko. Ba ni da abin da zan ce wa malamanmu na can sai godiya. Su suka koya mini tsabtar rubutu, da kiyaye lokaci, da rera waƙa murya huɗu. Amma wajen zane, malam ya kan buɗe littafi ne ya kwafa a allo, mu kuma mu kwafa daga allo. Mun zana tuffa ba iyaka tun ban taɓa sa ta a baki ba. Mun zana gida mai bututun hayaƙi a ka, irin wanda ban taɓa gani ba a ƙasarmu. Ni na fi kowa iya kwafa, don haka aka ce ni ne gwanin zane, ni kuma na yarda. In na koma gida sai in tarar da kakata a bayan ɗaki tana ginin randa, tana murza guntuwar igiya a kafaɗar tulu don ta fid da ado. Ban taɓa tsammanin abin da ta ke yi yana da dangantaka da abin da na ke yi ba. Nawa karatu ne, nata kuwa aikin tsofaffi.

Cikin mako na uku muka kai kan zanen fuskar mutum. Na shirya ƙwarai. Na zana ƙwai a allo, na raba shi biyu, na nuna musu idanu a tsakiyar kai su ke, ba can sama inda yara kan sa su ba. Kowa ya duƙufa. Ina zagawa sai na iso wurin wani yaro, ba zan faɗi sunansa ba, bari mu kira shi Na-Ƙurya, gama a ƙuryar aji ya ke zama. Shekarunsa kamar 14, ba shi da yawan magana, Turancinsa kuwa sai a hankali. Na ga takardarsa fara fat. Na ce, "Kai, me ka ke jira?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ba na zana mutum." Na ce, "Ba ka iya ba ne, ko ba ka so?" Ya yi shiru. Na ɗauka raini ne, don ya ga ni malamin gwaji ne. Na karɓe littafinsa, na zana masa ƙaton sifiri da jan biro, na ɗaga wa aji na ce, "Ga fuskar da ɗan'uwanku ya zana mana." Aji ya fashe da dariya. Ni ma, Allah ya gafarta mini, na yi murmushi.

Ran Litinin bai zo ba. Mako ya ƙare bai zo ba. Da na tambaya, wani maƙwabcinsa ya ce, "Malam, babansa ya ce ya zauna gida."

Littafin nan nasa yana cikin waɗanda na tafi da su masauki. Daren nan na buɗe shi daga baya, inda yara kan yi 'yan zane-zanensu in darasi ya gundure su. Abin da na gani ya hana ni barci. Shafi bayan shafi cike da zanen hula, an yi da biro shuɗi da ja. Ya ja layuka ya mai da takardar ƙananan gidaje kamar na dara, sa'an nan ya bi su da ƙirga, ya fid da taurari, da sarƙoƙi, da kusurwoyi masu shiga cikin juna, hagu daidai da dama, ba inda ya kauce ko da gida ɗaya. Na ɗauki biro na gwada kwafar guda. Ni gwanin kwafa, sau uku ina ɓata ƙirga.

Da safe na kai wa wani dattijo, malamin Hausa na makarantar, wanda ya kusa barin aiki. Ya duba ya ce, "Ai yaron nan shi ke zana wa matan unguwarsu hula a jikin ƙyalle, su kuma su bi da zare. Da kuɗin ya ke sayen littafi da biro. Har jan biron da ka yi masa sifiri da shi, ina jin ya fi ka sanin inda ya fi araha." Sa'an nan ya zaunar da ni ya bayyana mini abin da ya kamata in sani tun ban shiga aji ba. Ya ce Musulmi da yawa suna ƙyamar zana surar abu mai rai, malamai kuma sun yi magana a kai, waɗansu sun tsananta, waɗansu sun sassauta in don koyarwa ne. Ya ce, "Cikin ajin nan akwai 'ya'yan gidajen da ba su damu ba, akwai na gidajen da suka damu. Yaron nan ba raina ka ya yi ba, maganar ubansa ya bi. Kai baƙo ne ga wannan, ba laifinka ba ne. Laifinka rashin tambaya. Da ɗan gari a kan ci gari." Ya yi alkawari zai raka ni gidansu.

Bayan la'asar muka tafi. Muka yi sallama, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Uban ya fito, ashe alaramma ne, mai rubutun Alƙur'ani da ka. Muka gaisa, aka kawo ruwa, aka tambayi gida da aiki da gajiya, har na soma tsammani ba za a ta da maganar ba. Can sai ya ce, "Ɗana, kai ne malamin zane?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Ni ban hana yaron nan boko ba. Ni na kai shi da ƙafata. Tun ranar da bam ya tashi cikin 'yan makaranta a garin nan uwarsa ta ce ɗanta ba zai sa yunifom ba, sai da na yi ta lallashi." Ya ku 'yan'uwa, duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san ranar da ya ke nufi, 10 ga Nuwamba 2014, da aka hallaka yara fiye da 40 suna tsaye a filin taron safe. Ina firamare lokacin, na tuna yadda iyaye suka riƙa kwashe 'ya'yansu daga makarantu. Uban da ya mai da ɗansa aji bayan wannan, ba ƙaramar amana ya ba malamai ba.

Ya ci gaba ya ce, "Ban ce aikinka banza ne ba. Amma na aiki yaro ya koyo, an komo mini da shi abin dariya, don ya kiyaye abin da na hore shi da shi. To, in sai ya saɓa mini zai ci jarrabawa, gara ya zauna ya riƙe alƙalamina." Ban sami abin cewa ba sai, "Baba, na yi kuskure, a gafarta mini." Ya dube ni, ya ce, "Allah ya gafarta mana duka."

Sa'an nan ya shiga ciki ya fito da allon zayyana, irin wanda a kan yi wa almajiri in ya sauke. Na sha ganin irinsa daga nesa a hannun yara, amma ban taɓa riƙewa ba. An kewaye rubutun da ado ja da rawaya da kore, da'ira cikin murabba'i, murabba'i cikin da'ira, igiyoyi suna saƙa juna ba ka ganin farko balle ƙarshe. Ya nuna mini alƙalaminsa na kara, da tawadar da ya haɗa da kansa, baƙin gawayi da ƙaro. Ya ce tun yaron yana shekara 7 ya ke zama kusa da shi yana cika masa gidajen ado. Ashe ni da na zo koya wa yara zane, na shigo gidan da aka gāji zane, na ba ɗan gidan sifiri. Muka rabu a kan yaro zai koma, ni kuma ba zan tilasta masa zana abu mai rai ba.

Da na koma masauki na buɗe littattafaina na kwaleji, sai kunya ta sake kama ni, gama duk an koya mana wannan. An gaya mana cikin 1958 waɗansu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, su Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa kaɗai ba. Za su karɓi dabarun da aka koya musu, su haɗa da adon da suka gāda a garuruwansu. Na haddace sunayen nan, na rubuta a jarrabawa, na ci. Watau ni ma na san rawaya da shuɗi na ba da kore, ban taɓa gaurayawa ba.

Ranar da Na-Ƙurya ya komo, na tsaya gaban aji na ce na yi masa ba daidai ba, su ma da suka yi dariya ni na sa su. Aji ya yi tsit, don ba su saba jin haka daga bakin malami ba. Kāna na ce kowa ya faɗi sana'ar hannun da a ke yi a gidansu. Da fari suka yi ta noƙewa, suna jin kunya, kamar yadda na ke jin kunyar tukwanen kakata. Da na faɗi tawa sai baki ya buɗe. Allo ya cika. Ga masu ɗinkin hula, ga masu saƙar tabarma da faifai, ga masu zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi, ga dukawa, ga maƙera, ga masu ƙunshi, har da yaro wanda wansa ke yi wa manyan motoci ado da rubutu, abin da ba a rasa ba a Potiskum, garin tireloli. Cikin ɗaki guda akwai Bolawa, da Ngizimawa, da Karekare, da Ngamo, da Filani, da Barebari, da Hausawa, kowa da irin adon gidansu. Ga littafin koyarwa zaune a gabana, mai shafi 78, ni kuwa ina kukan ba kayan aiki.

Mako na gaba muka haɗa fentinmu. Ƙaro ba wuya a Yobe, muka jiƙa shi ya kwana. Muka daka gawayi don baƙi, jar ƙasa don ja, farar ƙasa don fari, gangamau don rawaya, shunin wanki don shuɗi, muka tankaɗe kowanne, muka kwaɓa da ruwan ƙaro cikin murafun kwalba. Buroshi kuwa, waɗansu suka tattauna bakin asuwaki, wani ɗan mahauci ya kawo gashin jelar sa muka ɗaure a tsinke. Takarda, buhun siminti da kwali. Ranar da wata yarinya ta ɗiga shuni cikin gangamau ta ga ya juye kore, ta yi ihu har malamin ajin kusa ya leƙo. Koren ba mai haske ba ne, amma na tabbata ba za ta mance da shi ba.

Darasin maimaita ado kuwa, na miƙa wa Na-Ƙurya alli. Hannunsa na rawa ya fara. Na ce ya yi da Hausa. Sai ga yaron da ba a jin muryarsa yana cewa, "A ƙirga uku a hau ɗaya, a ƙirga uku a sauka ɗaya, abin da aka yi a dama a mayar a hagu." Kafin a buga ƙararrawa rabin aji sun fid da sarƙa. Malamin lissafi ya ga allon kafin a share, ya ce ai wannan shi ne darasin daidaiton ɓangarori da ya ke fama da su a kai tun farkon zango, ya roƙa a bar masa.

Na kuma ga yara suna bukatar su ji aikin hannu yana da daraja a idon duniya. Na fid da takardar naira 20, na juya bayanta, na ce wace ce wannan? Sun sha kashe ta, ba wanda ya sani. Na ce Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane daga Kwali a ƙasar Gwari, wadda ta koyi gini a gida tun tana yarinya. Cikin 1954 ta shiga wurin koyon tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a Abuja ta dā, wadda a ke kira Suleja yanzu. An nuna tukwanenta a Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, ta rasu cikin 1984. Sa'an nan na ba su labarin abin da ke kusa da mu. Cikin 1987 wani Bafilatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune, ya ci karo da itace a ƙasa. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tone shi cikin 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, an sassaƙa shi daga gungume guda, shekarunsa wajen 8,000. Ba a sami jirgin ruwan da ya girme shi ba a Afirka duka. Na ce musu wanda ya sassaƙa shi mutumin ƙasar nan ne, bai jira an aiko masa da kayan aiki daga wani wuri ba. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Kiɗa da wasan kwaikwayo ban ba su hakkinsu ba, don lokaci ya ƙure, ni ma ban ƙware ba. Mun dai koyi ƙirgar kiɗa da tafin gaɗa da luguden daka, 'yan mata suka zama malamai. Muka kuma shirya ɗan wasa a kan dillali a kasuwar shanu, wanda ya cuci mai saye da mai sayarwa, asirinsa ya tonu. Ba mu rubuta kome ba, yara sun san maganar kasuwa fiye da ni.

Kada ku zaci kome ya tafi daidai. Malamin da ya zo duba ni ya yaba darasin, amma ya rage mini maki don ajin ya yi ƙazanta da surutu, gaskiyarsa kuwa, ban tsara wanke hannu da share ɗaki ba. Tukwanen da muka gina rabinsu sun tsage, don na shanya su a rana maimakon inuwa, abin da kakata ba za ta taɓa yi ba. Waɗansu malamai suka sa mini suna malamin wasa da laka. Jarrabawa kuma ta rubutu ce, dole na komo na ba da abin kwafa kamar wanda na tarar. Sifirin nan na soke shi, na sake gwada yaron da zanen ganyen dalbejiya da adon hula, ya ci 18 cikin 20. Amma jan biro ba ya gogewa, yana nan a littafinsa ƙarƙashin sokewar.

To, ƙannena, ga abin da na ke so ku riƙe. Na farko, kafin ku koya wa yaro kome, ku tambayi abin da hannunsa ya riga ya iya, da abin da a ke yi a gidansu. Na biyu, in yaro ya ƙi yin aiki, ku bincika dalili a keɓe, ku nemi dattijon malami ɗan gari ya fahimtar da ku, tun ba in addininku ko yarenku ya bambanta da na yaran ba. Wanda ke son zanen mutum ku koya masa da kyau, wanda gidansu ba su yarda ba ga itatuwa, ga gine-gine, ga ado, duk hanya ce ta horar da ido da hannu. Na uku, ku riƙa neman fenti da takarda daga hukuma, gama hakkin yara ne, amma kada ku naɗe hannu kuna jira. Na huɗu, kada ku sa aji ya yi wa yaro dariya, ko da kuna da gaskiya, balle ba ku da ita.

Ranar da na yi sallama da makarantar, Na-Ƙurya ya biyo ni bakin ƙofa ya miƙo mini ƙyalle fari, an zana masa ado da biro, saura ɗinki. Ya ce, "Malam, Baba ya ce a gaishe ka, in ka sami mai ɗinka maka ka sa." Na ba wata tsohuwa a unguwarmu, ta ce sai bayan wata biyu. Hutun nan kuwa in Allah ya yarda gida za ni, in durƙusa a bayan ɗaki kusa da kakata, ta koya mini yadda a ke shanya tukunya ba ta tsage ba.

Iyakar abin da na gani ke nan. Allah ya ba na baya sa'a fiye da tamu, amin.